Kakata Mai Jigida

Kaka ta rasu da hantsin wata Laraba, ana tsakiyar girbin gero, ba tare da ta wahalar da kowa da doguwar jinya ba. Kafin azahar an kai ta makwancinta. Kafin la'asar gidanmu da ke wani ƙauye a gefen Roni ya cika ya batse, maza a ƙofar gida kan tabarmi, mata a ciki, kamar kowane gidan makoki. Sai dai a namu gidan ba wurin zama kaɗai aka raba ba, har mamaciyar ma an raba ta biyu.

A waje, wadda ake yi wa addu'a ita ce Hajiya, mahaifiyar Baffa. Baffa yayan mahaifina ne, shi ne ɗan farin Kaka. Ya yi aikin gwamnati a Kazaure har ya ajiye, mutum ne mai jama'a, mai son a yi komai bisa tsari. Abokan aikinsa sun zo da motocinsu, hakimi ya turo wakili, liman ya yi magana mai daɗi a kan haƙurinta da azuminta da riƙon zumuncinta. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma da baƙo zai zauna ya saurare su, cewa zai yi tsohuwar nan a kan sallaya ta ƙare rayuwarta, hannunta bai taɓa riƙe komai ba sai carbi.

A cikin gida kuwa wata daban ake yi wa kuka. Mata sun yi ta shigowa daga Gwiwa, daga ƙauyukan Babura, daga rugagen bayan gari, wasu a kan babur, wasu a ƙafa da goyo. Kowace ta yi sallama, abin da take fara cewa shi ne, "Ashe Mai Jigida lokaci ya yi." Sai Goggo, ƙanwar Baffa, ta ɗora yatsa a leɓe ta nuna ƙofar gida da haɓarta, mai maganar ta yi sauri ta rage murya. Wata tsohuwar Bafulatana da ban san ta ba ta zauna kusa da ni, ta dafa ƙugunta ta saman zani, ta ce mini jigidar da ke jikinta tun ta aurenta ce, zare kawai ake sake mata, kuma hannun Kaka kaɗai ne yake sakewa.

Wannan rage muryar ce ta tsaya mini a rai. Kowa a gidan ya san Baffa ba ya son a kira mahaifiyarsa da wannan suna, kuma yanzu da ƙasa ta rufe idonta, shi ne babba, maganarsa ce magana. Na ji tsoron kada sunan ya bi ta kabari, rumfar da take aiki a ciki ta bi bayansa, nan da 'yan shekaru a wayi gari jikokinmu ba su san mece ce ita ba. Ni jikarta ce, ni na fi kowa tsokanarta, ita kuma ta fi kowa iya ba ni amsa. Shiru ba zai yiwu a wurina ba.

Sana'ar Kaka ita ce yin kayan adon mata da abin da daji da garke suke bayarwa. Tana yin awarwaro da ƙahon sa, tana saƙa darambuwa da ciyawa, tana yin 'yan kunne da 'ya'yan itatuwa. Amma abin da ya ɗaga sunanta shi ne jigidar ƙodago, wato farin ƙwallon nan mai taurin tsiya da ke cikin goriba. A wurin tata kakar ta koya, can wajen Babura kusa da iyaka, ta zo da sana'ar gidan miji tare da kayan ɗakinta. Da kakanmu ya rasu ya bar ta da yara ƙanana, da ita ta raine su. A bayan ɗakinta akwai wata rumfar kara, nan ce fadarta. Za ta jiƙa ƙodagon, ta yanka shi fale-fale da ɗan zarto, ta huda kowane, ta jera su a siririn ƙarfe, sannan ta yi ta gurza su a kan dutse har su daidaita kamar an haife su rana ɗaya. Wasu ta rina su ja da karan dafi, wasu ta tsoma su a baban rini, wasu ta bar su da farinsu ta shafe su da man kaɗanya. Muddin ana jin ƙarar gurza daga bayan gida, Kaka lafiyarta ƙalau. Ranar da ba a ji ba, maƙwabta sai sun turo a tambaya.

Tana da baki, Allah ya jiƙan ta. Lokacin da jigidar roba ta cika kasuwanni, ga walƙiya ga araha, na sayo ɗaya a kasuwar Gwiwa don kawai in ja ta da faɗa. Na miƙa mata na ce ga abin da ya kashe mata kasuwa nan. Ta jujjuya ta a hannu, ta kai hanci ta shinshina, ta miƙo mini abata ta ce in adana ta da kyau, ranar da igiyar shanya ta tsinke za ta yi amfani. Takan ce mini, "Ke ƙawata, hannunki na cin tuwo ne kawai." Gaskiyarta ce, sau ɗaya na gwada gurza na ji yatsuna kamar za su cire, na gudu na koma karatuna. Ban gaji sana'ar ba, bakin na gada.

Ba kyan aikin kaɗai ne yake kawo mata wurinta daga nesa ba. Kaka ba ta auna mace. Kallo ɗaya za ta yi wa mace tana shigowa, ta ce ta dawo ranar kasuwa, kuma idan ta ɗaura sai ta zauna mata ɗas. Sannan ba ta taɓa faɗin wadda ta yi wa ba. Jigida abu ne na cikin zani, ita kuma amana ta ɗauke ta. Mace za ta kawo tata a ƙara mata tsawo, Kaka ta riga uwar mijinta sanin akwai ciki, amma har a haihu ba za a ji daga bakinta ba. Mun sha yi mata wayo, mu zauna mu yi ta ambaton amaren unguwa ko za ta yi ko da murmushi ne. Sai ta ce mu tashi mu ba ta wuri, muna tare mata haske.

Ta wannan hanyar ce ma rumfarta ta cika da mata. Wata shekara da damina ta yi gardama, wata matashiya da mijinta ya tafi ci-rani ya yi shiru ta kawo jigidarta a rage mata. Kaka ta rage. Ba a daɗe ba ta sake kawowa a ƙara ragewa. Kaka ba ta tambaye ta komai ba, ta dai gane tukunya ba ta hawa murhu a gidan nan. Ta ce mata idonta ya fara gajiya, tana neman mai taya ta gurza, ko za ta zauna? Ta tura mata dutse, ta tura mata kwanon ɗumame, ta juya baya kamar tana neman wani abu, don yarinyar ta ci ba tare da an kalle ta ba. Idon Kaka a lokacin ya fi nawa gani. Bayan wannan sai wata bazawara, sai wata da ta fita takaba da marayu a gabanta, sai wata Bafulatana da shanunsu suka ƙare. Duk ta ƙofa ɗaya suka shigo, kuma babu wadda ta taɓa jin an ce taimakonta aka yi.

Shi kuwa Baffa, in za a yi masa adalci, ba a banza ya tsani sunan ba. Mahaifina ya ba ni labari cewa suna yara, 'yan makaranta sun sa Baffa a gaba da "ɗan Mai Jigida", suna karkaɗa ƙugu idan ya zo wucewa, har ya taɓa fasa wa wani baki. Da ya girma ya zama mutum a Kazaure, yana zama da manya, sai abin ya ƙara yi masa nauyi. A ganinsa kayan cikin ɗaki ne, bai kamata a haɗa su da sunan uwar mutum a bainar jama'a ba. Ya kai ta Makka da guminsa, yana murna daga yau sunanta Hajiya. Ta dawo, ta huta gajiya, ta koma rumfarta, mata suka ci gaba da kiranta yadda suka saba.

Abin da ya ƙara wa lamarin wuya shi ne ba sa magana kai tsaye. Shi ɗan fari ne, Kaka kuwa mai riƙon alkunya ce irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kama sunansa ba, ko mai irin sunansa sai ta sake masa wani. "Mutumin Kazaure" take ce masa. Idan ya zo gaishe ta ya durƙusa a bakin ƙofa, ita sai ta kawar da kai tana amsa wa bango. Duk abin da zai gaya mata sai ya bi ta wurin Goggo, ita ma haka. Goggo takan ce ta fi kowane ɗan aike shan wahala a ƙasar Roni, ga shi babu ko tukuici.

Rigimar ta taso ne da zuwan wasu mutane daga Kano. Wata ƙungiya ce da ke sayen aikin hannu kai tsaye daga masu yin sa, babu dillali a tsakani, su kai ƙasashen waje su sayar, su biya mai aikin abin da ya dace da wahalarta. Kaka ta sha fama da dillalai masu taya kaya kamar alfarma suke yi, don haka da farko kallon 'yan damfara ta yi musu. Wata budurwa mai hankali a cikinsu ce ta yi ta zarya har Kaka ta yarda. Kuma sun cika alkawari, ba zan ci haƙƙinsu ba. A cikin 'yan shekaru matan rumfa suka canja. Wannan ta sayi tunkiya, wannan ta mayar da 'yarta makaranta, waccan da ta fara kawo jigida a rage mata ta kawo a ƙara.

Rannan sai budurwar nan ta zo da murnarta, ta buɗe waya ta nuna wa Kaka hotunan masu saye. Ina wurin. Ga wata Baturiya da furfura, ga wata matashiya, ga wani ƙaton namiji da gemu, kowa yana washe baki, kowa da jigidar Kaka zagaye da wuyansa. Sai wata ta fashe da dariya, sauran suka bi, har da masu faɗuwa kan tabarma. Kaka ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon mai gemun nan, sannan ta tambaya a hankali ko shi ba shi da 'yan'uwa mata da za su gaya masa.

Ba a jima ba hotunan suka isa Kazaure, daga wannan waya zuwa waccan, kuma a ƙasan kowane an rubuta wadda ta yi: Mai Jigida, ta ƙasar Roni. Wani abokin Baffa ne ya nuna masa a majalisarsu, cikin raha. Washegari sai ga Baffa a gida, fuskar nan a murtuke. Ya kira Goggo ya ce ta gaya wa Hajiya a rushe rumfar nan, duk abin da take buƙata shi zai riƙa yi mata, ya gaji da zama abin dariya da furfurarsa.

Kaka ta ce wa Goggo ta gaya wa mutumin Kazaure ita ma abin bai yi mata daɗi ba, kuma ta riga ta yi maganinsa. Ta sanar da mutanen Kano ba za ta ƙara ba su jigida ko ɗaya ba. Abin ƙugu na ƙugu ne. In abin wuya suke so, ta iya abin wuya, za ta yi musu wanda ya amsa sunansa. Ba ƙaramar kasada ta yi ba, don jigidar aka fi nema a can, kuma mutanen sun ce sai sun yi shawara. Matan rumfa suka shiga zullumi, wasu har suka yi ta gunaguni a bayan idonta. Amma batun rushe rumfa, ta ce, sai dai bayan ranta.

Baffa ya sauko kaɗan. Ya ce to a ci gaba, amma a cire wancan sunan, a rubuta Hajiya da sunanta na yanka. Goggo ta juya za ta isar da saƙon, alhali Kaka tana zaune a nan kusa ta ji komai. Sai Kaka ta ɗaga mata hannu. Ta juyo ta dubi Baffa ido cikin ido, abin da mahaifina ya ce tunda yake bai taɓa gani ba.

Ta ce, "Ni ban taɓa kama sunanka ba don kai ne na fari, girmanka nake tsarewa. Kai kuma ka ƙi kama nawa don yana zubar maka da girma. Duka biyun kunya ake ce musu, amma ba ɗaya ba ne. Da wannan sunan na ɗinka maka rigar makaranta. Ba zan sake shi da tsufana ba."

Baffa ya tashi ya sa takalminsa ya fita. Ni a ranar ji na yi kamar in rangaɗa guɗa, don alfahari da tsohuwar nan ya cika mini ciki. Sai da na bi ta rumfa, na ga Kaka ta ɗauki zare, ta yi ta gwadawa ta kasa zura ƙodago ko ɗaya, sannan jikina ya yi sanyi.

Mutanen Kano sun dawo bayan damina. Abin wuyan da Kaka ta ƙirƙira, ƙodago ja da fari da ɗan guntun ƙaho a tsakiya, da farko bai yi kasuwar jigida ba, amma a hankali ya kama. Sunan da ake rubutawa bai canja ba. Jigida kuwa ta koma inda ta fito, sai matan ƙasarmu, a naɗe cikin ƙyalle, babu mai jin labari. Baffa bai daina zuwa gaisuwa ba, bai daina aiko da hatsi da atamfar sallah ba, amma bai sake zagayawa bayan ɗakin nan ba, kuma sunan bai taɓa fitowa daga bakinsa ba. Ita ma ta koma amsa wa bango. Haka suka yi ta tafiya shekara da shekaru, ga ƙauna a tsakaninsu kowa yana gani, ga taurin kai iri ɗaya.

A ƙarshen rayuwarta idon ya gaji da gaske. Ta daina yanka, ta daina hudawa, amma kullum sai an kama hannunta an kai ta rumfa. Duk abin da aka gama sai an sa mata a tafi, ta bi shi da yatsa ɗaya bayan ɗaya, in ta ji wanda bai gurzu ba ta ce a kwance a sake. Na taɓa ce mata, tsohuwa ki huta mana, aikin ai ba guduwa zai yi ba. Ta ce ni da ban taɓa yin aikin da ya fi barci ba, me na sani game da hutu.

Ranar sadakar uku, tun da safe na ga matan rumfa suna harhaɗa kayan aikinsu a buhu, a ɓoye, kamar masu sata. Babu wanda ya kore su. Sun dai san mai tsaya musu ta tafi, gara su fita da mutuncinsu kafin a ce su fita. Babbarsu, wadda Kaka ta fara tura wa dutse, ta ce mini ba su san inda za su zauna ba, ba su kuma san sunan da za su ce wa mutanen Kano su riƙa rubutawa ba. Na ɗauki kwanukan gumba na nufi soro don a miƙa wa maza, zuciyata tana tafasa.

Ina cikin soron sai na ji tsayuwar babur. Na leƙa. Wani dattijo ne aka sauke, daga ganin rawaninsa mutumin tsallaken iyaka ne, ga buhu ɗaure a bayan babur ɗin. Bai san kowa ba, kuma ga alama kunnensa ya yi nauyi, don da ƙarfi ya yi sallama. Ya ce shi mai sayar da goriba ne, ya yi shekaru yana aiko wa wata baiwar Allah da kaya ta hannun 'yan kasuwa, bai taɓa ganin ta ba, sai ya ji a kasuwar Babura wai ta rasu, ya ce ba zai bar wannan ta wuce shi ba. Sannan ya ɗaga murya, yadda har matan cikin gida sai da suka ji.

"Don Allah, nan ne gidan Mai Jigida?"

Ga liman, ga wakilin hakimi, ga tsofaffin abokan aikin Baffa, kowa ya sunkuyar da kai. Mahaifina ya yunƙura zai ja dattijon gefe ya gyara masa magana. Sai Baffa ya dafa kafaɗarsa ya zaunar da shi. Ya miƙe da ƙyar, don gwiwa ta fara damunsa, ya gyara zaman rigarsa, ya taka har gaban baƙon ya miƙa masa hannu biyu.

Ya ce, "Nan ne gidan Mai Jigida, Malam. Ni ne ɗanta na fari."

Kowa ya ji. Ya sa aka sauke buhun. Da aka tambaye shi inda za a kai, sai ya ce a kai rumfa mana, ina kuma ake kai goriba a gidan nan? Ya ƙara da cewa a gaya wa matan kada wadda ta fitar da dutse ko ɗaya. Na dire kwanukan a ƙasa na koma ciki, ban ma san yadda na faɗa musu ba, na dai ga sun fara kwance buhunan suna kuka.

Ya Allah ka jiƙan Mai Jigida, ka yalwata mata makwanci, ka saka mata da abin da hannunta ya rufa wa mata na asiri. Ka kuma isar mata da cewa mutumin Kazaure ya kama sunanta, a tsaye, a gaban mutane.